Na Wuce Aminina Babur Ya Danne Shi

Assalamu alaikum Admin, da ku masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe. Duk abin da za ku faɗa mini, shekara ɗaya da rabi ke nan ina faɗa wa kaina.

Ni ɗan Jos ne, direban bas, ina zaune a Barking, nan Landan. Ina da amini, zan kira shi Sadik amma ba sunansa ba ne. Ɗan zangon Kumasi ne, makanikin babura a unguwar Catford. Shi ya koya mini hawan babur ɗin daji, irin wanda ake kutsa laka da rafi da kan duwatsu da shi. Duk Lahadi mu loda babura biyu a van ɗinsa mu fita bayan gari, in faɗi, ya yi ta dariya, ya zo ya ɗaga ni. Shekara uku muna shirin wata gasa a duwatsun Wales, awa takwas a kan babur, wadda gama ta kawai ma abin alfahari ne. Shi ya yi mana booking. Da safen ranar ya ƙwanƙwasa hular kwanona ya ce, "Ɗan'uwa, in ka faɗi zan tsaya, in na faɗi ka tsaya." Na ce, "Haba Sadik, wannan ai ba sai an faɗa ba."

Wajen awa ta shida ruwa na zuba, hannuwana sun mutu, Sadik ya yi mini nisa. Akwai checkpoint a gaba wanda in ba ka kai a kan lokaci ba an cire ka ke nan, ni kuwa 'yan mintoci suka rage mini. Ina tsakiyar hawan wani tudu mai santsi, irin wanda in ka tsaya sai ka koma ƙasa ka sake farowa, sai na hango babur a ƙasan gangare ya danne mutum. Na san koriyar rigar nan, ni da Sadik muka saye ta. Ya ɗaga hannu, ya yi ihu. Wallahi na ji shi. Sai na ƙara wuta.

Na ce wa kaina zan faɗa a checkpoint. Da na isa, matar da ke wurin ta ce, "You alright? Go, go!" Na buɗe baki, na rufe, na tafi. Me ya hana ni magana? Tsoron kada a tambaye ni me ya sa ban tsaya ba. Ashe ni ne na ƙarshe da ya bi ta wurin, duk na bayana an tsayar da su a ƙasa. Kusan awa uku yana kwance cikin ruwa kafin masu duba hanya su gan shi. Ni kuwa ana rataya mini medal, ana ɗaukata hoto. Wane irin mutum ne wannan?

A asibiti likita ya ce jini ya daɗe bai sauka ƙafar da babur ya danne ba, da an kawo shi da wuri wataƙila da an cece ta. Suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ina tsaye matarsa ta zube a ƙasa.

Tun daga nan ban bar su ba. Ni nake kai shi physio wajen koyon tafiya, ni na yi ta zirga-zirga da council, wato ƙaramar hukuma, har aka ba su flat a hawan ƙasa. Na sayar da babur ɗina. Kowa a masallaci cewa yake ba a taɓa ganin amini irina ba. Matarsa kuwa "Yaya" take kirana, ba na barin gidan sai ta ƙulla mini waakye, shinkafa da waken Ghana, in kai wa iyalina. Wata rana a mota muna dawowa daga asibiti ya ce, "Ka san wani ya wuce ni a wurin? Na kira shi, ya juyo, ya ci gaba. Laka ta rufe shi duka, ban ga lamba ba. Na karɓi ƙaddara, amma shi wannan ban yafe masa ba." Na ƙanƙame sitiyari na ce, "Allah ya isa." Da bakina na faɗa.

Shekaranjiya matarsa ta haihu, namiji, ɗansu na fari. Ya kira ni a waya: "Ɗan'uwa, mun yi maka takwara. Ina so ya taso da hali irin naka." Na ajiye bas a ƙarshen layi na yi ta kuka har controller, mai kula da zirga-zirgar bas, ya kira ni a rediyo.

Saura kwana biyar suna. In na faɗa masa, na raba shi da mutumin da ya jingina da shi tun ranar da ya rasa ƙafa, kuma a makon farin cikinsa. In na yi shiru, yaron nan zai ɗauki sunan wanda ya wuce ubansa a kwance, ni kuma in je gaban Allah da haƙƙin da mai shi ya ce bai yafe ba. Ko matata ba ta sani ba.

Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?