Tara na kama a ƙofar makaranta, na goman yana gidana

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Murna da kunya sun haɗu sun tsaya mini a wuya, na rasa wacce zan fara haɗiyewa.

Ni malamar firamare ce. Shekara goma sha ɗaya ni ke tsaron ƙofa da safe, rajistar makara a hagu, bulala a dama. Malama Tsumagiya yara ke ce mini a bayan ido, sun ɗauka ban sani ba. A dokar makarantarmu, wanda ya makara sau ashirin a zango za a kira iyayensa, in ya maimaita a sallame shi. Zangon da ya wuce hedimasta ya ce in fitar masa da sunayen waɗanda za a sallama. Ina bin rajista da jan biro sai na ga abin da ya tsayar da ni: yara tara 'yan aji huɗu, ba sa makara sai Talata da Alhamis. Sauran ranaku har riga ni isowa suke. Na duba jadawali, ashe a ranakun nan darasin farko karatu ne, kowa sai ya miƙe ya karanta a gaban aji.

Na kira ɗaya daga cikinsu, wata 'yar firit mai bakin tsiya da ake ce wa Barkono. Ta dube ni ido cikin ido ta ce bulalata minti ɗaya ce, dariyar 'yan aji kuwa har a tashi. Gwaggo, kin ji fa. Ashe dukan yara nake a kan ba su iya karatu ba, ina cewa tarbiyya nake yi.

Na roƙi hedimasta ya ba ni zango ɗaya. Ya yarda da ƙyar, ya ce takardun sallama na nan a aljihun teburinsa. Na share siton da ake jibge karyayyun bencina, na jingina tsohon allo, muka koma baƙi da wasali kamar 'yan aji ɗaya, minti talatin kullum kafin a buga ƙararrawa. Na roƙi malamin ajinsu kada ya sa su miƙe su yi karatu a gaban aji sai na ce. Doka ɗaya na kafa, wanda ya yi wa wani dariya shi zai share sito. Bulala kuwa na ajiye ta, abokan aiki suka yi ta zolayata wai Tsumagiya ta yi ritaya. Na ce su jira, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar kuwa ta zo. A taron iyaye na ƙarshen zango yaran nan tara suka fito ɗaya bayan ɗaya, hedimasta na buɗe musu shafin da ya ga dama, suna karantawa. Tun daga mako na uku ba wanda ya sake makara. Uban wani a cikinsu, bakanike ne, ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya yi ta share ido da hula. Hedimasta ya yayyaga takardun sallamar a gaban kowa. Ni kuwa kaina ya fasu, ina jin kamar a ƙasar nan ba malama sai ni.

Sai Barkono ta ɗaga hannu ta ce saura na goma. Wa zai fito? Autana. Ajinsu ɗaya. Bai taɓa makara ba, don tare muke zuwa. A gida in na ce ya karanta sai ya zubo mini kamar ruwa, ashe haddacewa yake daga bakin yayarsa. Ciwon cikin da yake yi Talata da Alhamis kuwa, magani na yi ta ɗura masa. Abin da na koya wa tara da safe shi Barkono ke koya masa a bayan sito lokacin hutu, bayan ya sa sun rantse ba za su faɗa mini ba. Ya karanta shafi guda, yatsa a kan layi, bai ci gyara ba. Na tafa har hannuna ya yi zafi, ina kuka.

Yau kwana biyar yaron bai ɗago maganar ba, in mun haɗa ido sai ya sunkuyar da kai. Babansa ya ce in bar kaza cikin gashinta. Ni kuma ina so in tambaye shi me ya sa ya ɓoye mini. Ga hedimasta na jiran rahoton da zai aika ofishin ilimi. Tara zan rubuta ko goma?

Taki, Tsohuwar Mai Tsumagiya.

AMSA

'Yar'uwa, barka da arziki. Kin duba rajista kin ga abin da wasu ke wucewa, yara tara sun tsira da karatunsu. Kada kunya ta ƙwace miki wannan.

Maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangaren: kada ki titsiye yaron da tambaya. Amsar ai kina da ita, Barkono ta ba ki tun farko. Wanda 'yan makaranta ke tsoro, ɗanta ma zai ji tsoronta. Amma shiru ma ba magani ba ne, zai ɗauka fushi kike. Ki same shi ku biyu, ki ce kin yi alfahari da shi, ki ba shi haƙuri a kan ba ki lura ba. Gajeriyar magana, ba wa'azi. Uwa ba ta raguwa don ta ba ɗanta haƙuri. Daga nan ki riƙa miƙa masa abin da bai taɓa gani ba, ko takardar magani ce, ki ce idonki ya gaji. In ya yi tuntuɓe ki kama bakinki.

Rahoto kuwa, ki rubuta goma, ba sai da sunaye ba. Na goman shi ne babban darasin: rajista na kama mai makara, ba ta kama mai zuwa da wuri yana ɓuya. Ki ba hedimasta shawara a gwada kowane yaro shi kaɗai, da shafin da bai saba ba, farkon kowane zango. Barkono kuma a yi mata kyautar littafi a gaban makaranta, ta ci. Bulalar nan ki bar ta inda kika ajiye ta.

Allah ya raya miki autanki, ya ƙara wa aikinki albarka. Sai dai ki ɓoye wannan shafin jaridar da kyau, don yanzu gidanki babu wanda bai iya karatu ba.