Ɗana Ba Ya Waiwaye

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da jikokinki. Mu nan, gwiwar Inna, mahaifiyata, ta ɗan sake ta, tana iya fitowa tsakar gida. Ƙaninki lafiya lau, yana hanya da motarsa kamar kullum. 'Yata babba ta warke daga tari. Ni ma ba inda ke mini ciwo. Wanda ba shi da lafiya ɗana ne ƙarami, ko da yake yana ci, yana sha, yana gudu.

Na rubuto ne saboda kin daina ɗaukar wayata. Direban da ke bi ta unguwarku na ba takardar nan. Ki yi haƙuri da rubutun, bara na shiga ajin manya.

Yaya, yaron nan ba ya waiwaye in an kira sunansa, ga shi ya kusa shekara biyu. Ɗan maƙwabciyata da aka haifa bayansa yana cewa Mama, yana cewa ruwa, in aka ce kawo takalmi ya kawo. Nawa in ƙishirwa ta kama shi sai ya riƙe zanina ya ja ni har wajen bokiti. Ranar awo na gaya wa ma'aikaciyar asibiti. Ta zaga bayansa ta kaɗa makullai, ko motsi bai yi ba. Ta ce a kai shi babban asibiti wajen masu duba kunne, ta karɓar mana rana a ƙarshen watan nan. Ta ce in an je da wuri ana iya taimaka masa ya koyi magana, in an makara abin yana wuya.

Na gaya wa ƙaninki, ya ce sai abin da kika ce. Ke kika raine shi, ko hula ba ya saye sai ya tambaye ki. Don Allah ki ce masa ya bari mu je.

Na gaishe ki,
Matar ƙaninki.

Zuwa ga Malama mai littafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Lallai aji ya yi rana. Bara ko sunanki ba kya iya rubutawa, bana kin zama likita har kina yanke wa ɗanmu kurumta.

Ɗan Gwaggo lafiyarsa ƙalau. Ubansa sai da ya haura shekara uku kafin ya buɗe baki, a bayana na goya shi, ni na sani. Yau duk tasha wa ya kai shi surutu? Kuma da idona na gani zuwan da na yi: yaron yana zaune ƙarƙashin kekenki, kina tsayar da ɗinki ya ɗago ya dube ki. Kurma ne zai san keke ya tsaya? Na turo ƙofa, ya juyo. Suna ne bai saba ji ba, don ba mai yi masa magana. Da safe kina kan keke, da yamma kin rungumi littafi kin tafi aji. Ko aku sai an zauna da shi yake koyo.

Ba za a ɗauki jinin gidanmu a liƙa masa na'ura a kunne, yara su riƙa nuna shi a layi ba. Yana da yaya mace, wata rana za a zo tambayar gidansu, ba na so a ce gidan kurame. Na riga na ce wa ubansa ya kawo mini shi. Ya yi sati biyu cikin jikokina, zai dawo miki har da zagi a bakinsa.

Ki gaida Inna, ki riƙa gasa mata gwiwar in littafi ya bar ki.
Yayar mijinki.

Yaya,

Sallama. Inna tana nan, amma ba ta cin abin kirki tun da aka ɗauke shi. 'Yata kuka take. Na dawo daga aji na tarar da takalminsa ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, shi babu. Ƙaninki bai iya jira in dawo ya kalli idona ba, wajen yarinya ya bar saƙo. Ga takalmin nan cikin leda, da man da nake shafa masa.

Kin yi maganar keke. Ni ma keken ne ya yaudare ni wata da watanni. Kin lura da yadda yake zama? Bayansa yake jinginawa da ƙafar ƙarfen. In ina takawa duk jikinsa yana rawa, shi ya sa yake son wurin. In na tsaya rawar ce ta tsaya, ita yake ji. Ranar da takardarki ta zo na gwada. Na zaunar da shi kan katifa yana fuskantar bango, na taka keke na tsaya, na taka na tsaya, har zare ya tsinke. Bai ɗago ba. Ƙofa kuwa, in an turo ta haske ne ke faɗowa a gabansa. Na tsaya a bayansa na saki murfin tukunya kan siminti. Inna ta yi salati daga ɗaki. Shi yana can yana jera marafen kwalba.

Kin ce ba na yi masa magana. Allah ya isa tsakanina da wannan kalma. Waƙa nake masa har maƙogwarona ya bushe. Yakan ɗora hannu a wuyana yana dariya, da can na ɗauka wasa ne.

Ke bakin mutane kike tsoro, ni titi nake tsoro. Gidanki a bakin hanya yake, kuma ƙofarku ba ta rufuwa sosai. Kada ki bar shi ya fita da yara kina cewa ai za ki kira shi. Kira ba zai dawo da shi ba.

Uwarsa.

Malama,

Na ga Allah ya isarki, na ajiye. Na raini yara kafin a haife ki, ba ke za ki koya mini rufe ƙofa ba. Yaro yana nan ya yi ƙiba. Jikokina sun koya masa tafi, jiya ma kamar na ji ya ce "ba". Ki daina aiko mini da direba, yana tayar mini da ƙura a ƙofar gida.

Yayar mijinki.

Maman Ɗan Gwaggo,

Sallama. Kada hankalinki ya tashi, yaron lafiya yake, gwiwarsa ce kawai ta kuje.

Shekaranjiya ya bi ƙwallo ya fita. Motar kaya tana ja da baya, tana ta hon. Na kira shi. Sunansa na gaskiya na kira, da muryata da kika sani. Mai shagon ƙarshen layi ya fito, masu wankin mota duk suka juyo. Shi bai juyo ba. Mai faci ne ya yi tsalle ya fizge shi.

Muryata ba ta fita tun ranar, shi ya sa ban buga waya ba. Wace rana suka ba ku?

Gwaggonsa.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna ba ta sani ba, ban gaya mata ba. Ni na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa. Ki kai wa mai faci godiyata har shagonsa.

Ranar ita ce Alhamis mai zuwa, da safe. Ba zan ce miki komai a kan ƙofa ba, kin gani da idonki. Amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta ƙarya ba.

Abu biyu nake so. Ki buga wa ƙaninki waya, ko da raɗa ne, ki ce masa ya ajiye mota ya zo. Sannan ki kawo mini ɗana da kanki, ba ta hannun direba ba. In kina so ki biyo mu asibitin, ki zo. Za su tambayi yadda ubansa ya yi yana yaro, ke kaɗai kika sani.

Kafin nan, in kina son ya zo, ki bar kiransa daga baya. Ki zagaya gabansa, ki durƙusa, ki ɗora hannunsa a wuyanki, sannan ki faɗi sunan. Zai yi miki dariya ko da muryar ba ta fita sosai.

Direban zai dawo ta wajenku Litinin. Ina jiran amsarki kafin Talata. In ban gani ba, zan zo da kaina, kuma ba sallama zan tsaya yi ba.

Uwarsa.