Na Buɗe Ɗakinki, Uwar Sani

Assalamu alaikum, Uwar Sani. Bayan gaisuwa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Kin san ni, ko alifun ban riƙe ba. Autarmu Rabi ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Damina uku ɗakinki ya yi a garƙame, makullin na aljihuna.

Da kina nan, duk yarinyar unguwa da ta fara ganin al'ada wurinki take zuwa. Ki saki labule, ki kore ni zaure. In na yi ƙorafi ki ce, "Abin da kunya ta hana uwa faɗi, kaka ke faɗinsa." Ban taɓa tambayar me kuke cewa ba.

Bayan girbin masara, mai unguwa da liman da wata ma'aikaciyar asibiti daga Malumfashi suka tara iyaye, wai a riƙa yi wa yara maza da mata bayanin balaga. Na miƙe na ce wannan buɗe ido ne, mu wa ya yi mana? Na kaɗe riga na fice. Ko mutum ɗaya bai biyo ni ya ba ni haƙuri ba, kuma ban manta ba.

To, Sa'adatu, marainiyar da Sani ya bar mana, gidan daga ni sai ita. Ta daina zuwa makaranta, tana ta ramewa. Na ce ƙiwa ce.

Wata rana na shiga rumbu ɗebo dawa, na tarar da tsummokara masu jini a cushe cikin dami. Nan take raina ya ba ni Idi maƙwabci, wanda ya ci min iyakar gona. Na ce sammu ne. Na rataya su a sanda, na kai ƙofar masallaci bayan la'asar, na ɗaga ina kiran sunansa.

Liman ya sunkuyar da kai. Matar Idi ce ta fito, ta zare su daga sandar, ta rufe da hijabinta. A lokacin na gane zanen. Naki ne, Uwar Sani, shuɗin nan da kike sussuka da shi. Yarinyar ta yayyaga shi, wata huɗu tana ɓoyo, ta ɗauka ciwon ajali ya kama ta. Damshin tsumman ya sa mata cuta, sai da matar asibitin nan da na raina ta yi mata magani.

Ni na kai sirrin jikarki ƙofar masallaci a kan sanda.

Yanzu tana Danja wurin Rabi. Na aika da rake, na aika da ƙwan zabi. Ko amsa gaisuwata ba ta yi.

Ban ba Idi haƙuri ba, maganar gona na nan. Amma makullin ɗakinki na miƙa wa matarsa. Kowace Alhamis mata na taruwa ciki da 'yan mata, liman na zaure da samari. Ni kuwa ina ƙofar gida ina korar awaki. An kore ni, kamar yadda kike yi.

Na sa an bar wa Sa'adatu wuri a tabarmarki, kusa da ƙofa. Alhamis bakwai ke nan ba kowa a kai.

Allah Ya jiƙanki, Ya kai haske kabarinki. Allah Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan tun ina da sauran numfashi. Amin.

Mijinki mai taurin kai,
Garba