Inna, Sun Ce In Ce Ummi Ta Warke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ta riga mu isa gida.

Ina miƙo gaisuwar girmamawa cikin sunan Ubangijin da kika bauta wa har ƙarshen numfashinki. Ni ce 'yarki Saratu, daga Gusau. Na san inda kike ba a buƙatar labarin duniya, amma ni ina buƙatar in ba ki, don wata magana ta yi mini nauyi, kuma ba ni da wurin sauke ta sai wurinki. Masu leƙen wasiƙar nan kuma su matso, ba asiri ba ne.

Maganar a kan takwararki ce, wadda muke kira Ummi saboda bakina ba ya iya kama sunanki. Kin san da sikila aka haife ta, ke kika fara gasa mata gaɓoɓi da ruwan ɗumi tun tana goye. To, cocinmu ne ya nemi in tsaya gaban kyamara in ce ta warke sarai, a buga hotonta da sunanta a ƙyallen tallan babban taron farkaswa. Sunanta kuwa naki ne, Inna. In na ƙi, na san matsayina na mai ba da waƙa a zumuntar mata ya tafi.

Kafin ki ce komai, bari in fara wanke Fastonmu, don ba mugu ba ne. Matashi ne mai zafin nama, ya yi karatun kasuwanci kafin ya shiga aikin Ubangiji. Da kin ga cocin nan da kika ɗebo wa ruwan gini a ka, da ba ki gane shi ba. An sa fanka, an sa sola, bencin da ke cizon zane ya tafi. Ran Lahadi mota na zuwa har Bungudu ta kwaso mutane kyauta. Baƙo in ya zo, kafin Laraba an buga masa waya an tambayi lafiyar iyalinsa. Wannan kam na yaba, kuma na san ke ma za ki yaba.

Ai ke ba maƙiyiyar talla ba ce. Wa ya kai ki? Ranar kasuwar Tsafe, in kika ajiye tiren ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gyaɗa kika buɗe murya, har 'yan kamasho sai sun waiwayo. Kina tsokanar Alhazawa, kina ba yara ɗanɗano, kina ce wa mai wucewa, “Malam, ƙafarka ta wuce amma hancinka ya tsaya.” Ni ina gefe kunya kamar ta kashe ni, ke ko a jikinki.

Amma ban taɓa jin kin ce wa na jiya na yau ne ba. In man ya kwana biyu sai ki faɗa tun ba a tambaya ba. Na taɓa yi miki ƙorafi cewa kina korar ciniki da bakinki, kika harare ni kika ce, “Ki yabi abin da ke cikin tiren, kada ki yabi wanda babu.” Shi ya sa Hajiyoyin Bilbis ke aiko miki da galan ba tare da sun zo sun shinshina ba.

Abin da ya fara damuna a cocinmu ke nan. Tallar ta yi kyau, kayan cikin tiren ne suka fara raguwa. An ce wa'azi ya gajarta don mutane na gajiya. To, mun ji. Sai aka ce a rage maganar zunubi da tuba, wai tana sa baƙo ya ƙi dawowa. Gicciye ya koma ado a bango. Kowane mako sai buɗi, sai ɗaukaka, sai “wannan shekarar taka ce.” An sa gasa, wanda ya fi kawo baƙi ya tafi da buhun shinkafa. Sannan ga ƙananan kwalaben man addu'a a kan teburi bakin ƙofa, da hoton taro a jiki. Kai, Inna! Ke da kika koya mana alherin Allah kyauta ne.

Da damina ciwon Ummi ya tashi, irin tashin da ban taɓa gani ba. Idonta ya yi fari fat, ko kuka ba ta iyawa. Likita ya ce sai ƙarin jini, nawa kuma bai yi ba. Maƙwabcinmu Malam Isiyaku, direba ne a layin Bungudu, ya bar lodi a tasha ya taho da gudu. Ina ta ba shi haƙuri kan aikinsa, ya naɗe hannun riga ya ce, “Haba Maman Ummi, maƙwabci ai ɗan'uwa ne. A ɗiba.” 'Yan coci ma sun yi tsayin daka, sun yi addu'a, Fasto da kansa ya shafa mata mai a goshi. Allah ya ji ƙanmu, yarinya ta tashi ta koma makaranta.

Ana haka sai ga Ɗan'uwa Bitrus, shugaban kwamitin talla, ya zo gida da fara'arsa. Ya ce shaidata za ta ɗaga taron bana. Na yi murna, na fara ba shi labari tun daga farko. Ya ɗaga hannu ya ce, “'Yar'uwa, asibiti ba ya jan mutane. Ki tsaya a kan man. Shi ma Malamin nan a bar shi. Ki ce sikila ta tafi, shi ke nan.” Na ce ai ba ta tafi ba, ga maganinta nan tana sha kullum. Ya ce faɗar bangaskiya ke nan, in na furta zai tabbata.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta shige ni. Wace uwa ce ba ta son ta buɗe baki ta ce 'yarta ta warke? Na so in faɗa ko don in ji daɗinsa a bakina. Ga kuma waƙar nan da nake bayarwa, wadda na gada daga gare ki. In na tsaya gaban mata da shantu da tulu suna amsawa, nan ne kaɗai nake jin kamar kina kusa.

Sai na tuna Lahadin da ta biyo bayan rasuwar yayana Yakubu. An yi addu'a, an yi azumi, bai tashi ba. Da aka zo lokacin shaida kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya zaci za ki motsa. Kika miƙe, kika gyara ɗaurin zane, kika ce, “Na roƙa a bar mini shi, ba a bar mini ba. Na zo in shaida cewa wanda na roƙa ɗin har yanzu Allah ne, kuma nagari ne.” Kika zauna. Ba a yi tafi ba, amma a ranar na ga dattawa suna share ido da bakin riga.

Kin san ban gane girman abin ba sai yanzu? A lokacin haushi ma na ji, na ce a raina wannan wace irin shaida ce. Ashe ke kin riƙe abin da aka koya mana tun a ajin baftisma: ba a yi mana alkawarin rayuwa marar ciwo ba, an yi mana alkawarin ba za a yashe mu a cikinsa ba. Ba ki yi makarantar tauhidi ba, karatunki ma da yatsa kike binsa, amma ba ki taɓa yi wa Allah ƙarin gishiri don a so shi ba. Ban ga mace mai ƙarfin zuciyarki ba, Inna, kuma na zaga.

Na ce wa Bitrus zan ba da shaida, amma a cikin sujada, da bakina, dukanta. Ran Lahadi na karɓi makirfo. Na gode wa Allah da ya tashi 'yata. Na gode wa masu addu'a. Na ambaci likita, na ambaci Malam Isiyaku da jininsa da ke yawo a jikin Ummi. Sannan na ce har yanzu tana da sikila, har yanzu tana shan magani, duk mai yaro irin nawa ya yi addu'a kuma ya kai shi asibiti. Mai kiɗa ya ɗora yatsu zai buga irin na murna, ya rasa wanne zai buga. Mai kyamara ya sauke ta a hankali.

Ba a kore ni ba, kada in yi musu ƙazafi. An dai ce in huta da ba da waƙa zuwa bayan taro, don a ba sababbin jini dama. Taro ya zo ya wuce, har yau ina hutawa. Yanzu a layin baya nake zama, ina amsa waƙar da na koya wa mai bayarwa. Yana mini ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Wasu matan sun daina zama kusa da ni, wai na rage wa Allah ɗaukaka. Wata kuwa daga garin Kekun Waje ta tare ni a bakin ƙofa, ta ja ni gefe ta tambayi sunan maganin.

 Fasto kuwa ina yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don mutum ne mai son aikin nan, gudun ne ya yi masa yawa. Ina son motarsa ta ci gaba da zuwa Bungudu, ina son cocin ya cika har waje. Fatana dai in sun zo su tarar da abin da aka kira su dominsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. A makon taron, ƙyallaye na rataye a kowane shataletale da fuskar wata baiwar Allah, ciwon Ummi ya sake tashi. Muna asibiti da rana, ina matsa mata ƙafa, tana cije leɓe. Da ya ɗan lafa sai ta juyo ta dube ni. Ban san ta ji maganarmu da Bitrus ba, ashe tana ɗaki a ranar. Ta ce, “Mama, gara da ba ki faɗa ba. Na yi ta tunani, in kin ce na warke, to in ciwon ya zo sai dai in ɓoye miki, don kada a ce na ƙaryata Allah.”

Inna, yarinyar da ko sakandare ba ta shiga ba. Ta riga ta shirya za ta haɗiye wannan azabar ita kaɗai, ta yi shiru har abin ya fi ƙarfin likita, don ta rufa mini asiri ni da Ubangiji. Na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne ki. Na ce mata duk sa'ad da ya zo ta yi ihu, ta kira ni, ta kira Allah, ba wanda zai ji kunya.

Mun dawo gida, tana samun sauƙi, har ta fara neman tsokana.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a gabansa, Innata. Ya ba Fastonmu da dattawanmu hikima da tsoronsa, ya tsare ikilisiyarsa daga sayar da abin da aka ba ta kyauta. Ya sāka wa Malam Isiyaku da alheri, ya kiyaye shi a hanya. Ya ba takwararki tsawon rai, ya sa kada ta taɓa ɓoye ciwonta saboda wani. Ni kuma ya ba ni ko rabin zuciyarki, ya ishe ni. Amin.

Sai mun sadu a inda babu ciwo.

Taki har kullum,
Saratu, Maman Ummi
Gusau