Ruwan Jimar Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka takardar nan, amma bakina ya yi nauyi kana raye, bari hannuna ya faɗa.

Mutanen gida lafiya lau. Inna ta koma Wara wurin Yaya Hajo. Tun da aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ake kai takardu, ba Sakkwato ba. Majemarka ta bakin ruwa a Yelwa kuwa tana rufe, ciyawa ta cinye ramukan.

Ka tuna hutun da na dawo daga jami'a na iske kana jiƙa fatu cikin ruwan kashin tantabara? Na toshe hanci gaban abokanka, na ce wannan ƙazanta ce, ba sana'a ba. Na kawo maka garin kemikal mai gama aikin mako cikin yini ɗaya. Ba ka so ba. Ka karɓa ne don kada a ce ɗanka ya yi boko a banza.

Garin ya ci hannuwanka. Ruwan da muke zubarwa ya gangara tafki, ƙananan kifaye suka taso ciki sama. Masunta suka kai ƙara wurin Sarkin Ruwa, ka tsaya gaban jama'a ka ce laifinka ne kai kaɗai. Ina tsaye bayanka, Baba. Mi ya hana ni magana? Daga ranar ba ka sake taɓa fata ba har Allah ya karɓe ka.

Bana malaminmu ya ba ni bincike kan inzayim, wasu sinadaran halitta masu gaggauta aiki cikin ruwa zalla, ba wuta, ba guba. Masana ko'ina su suke nema, don a rabu da irin garin da na kawo maka. Na gwada ruwan kashin tantabara. Suna ciki, Baba. Su ke tausasa maka fata shekara da shekaru. Na zauna a ɗakin gwaji na kasa ɗaga kai.

Ranar Juma'a na je wurin Sarkin Ruwa na faɗa masa gaskiya. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun ranar ya sani, kai ka bi shi har gida ka roƙe shi ya rufa mini asiri, wai karatuna bai ƙare ba.

Da wane baki zan gode maka yanzu? Ka yafe mini. Sai mun haɗu inda ba a rabuwa.

Ɗanka da ya makara,
Sahabi