Bindigar Karan da Jikanki Ya Yi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin ɗiya ga mahaifiyarta, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi, daga Anka. Mu da yaran muna lahiya daidai gwargwado. Na san wasu ne za su karanta wannan takarda, amma da ke nake magana.

Azumi ya shiga goman ƙarshe, Inna. Lokacin da kike shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa ke nan, ki tara jikokinki, kowa ya yi wa dangi kyautar Sallah da hannunsa. Kin sha faɗa mana cewa zumunta a ƙafa take, amma ƙafar ba ta zuwa hannu rabbana.

'Yan mata kaba kike ba su, wadda kika rina ja da kore, su saƙa faifai da mafici. Maza su fere karan dawa, su yi mota da ƙafafun sakaina. Ƙananan da ba su iya komai ba, ki huda musu 'ya'yan tsamiya da basilla mai zafi, su zura a zare su yi sarƙa. Laka kaɗai kika hana, tun shekarun da gubar dalma ta kwashe yara a garuruwan masu niƙan dutsen zinari. Kowane abu sai kin tambayi yaro na wa ne tun kafin ya fara, don ya yi shi yana tunanin mai shi.

Bara, ɗana Sa'adu ya ce shi ba mota zai yi ba. Babur zai yi wa Kawu Bello, autanki, tunda kabu-kabu ne sana'arsa. Ya yanke yatsa da ɓawon kara, kika ɗaure masa da tsumma, ya ci gaba. Ƙanwarsa Balki kuma tana fama da wani karkataccen mafici na Goggonta ta Gummi.

Ranar da abin ya faru, Bello ya tafi kasuwar Bukkuyum. Ana gama la'asar muka ji ƙarar babura daga yamma. Sa'adu ya tashi da gudu zai taro Kawunsa, kika fizgo rigarsa. Ke kika fara gane cewa ƙarar ta yi yawa.

Sai harbi. Da idona na ga liman ya faɗi a ƙofar masallaci, butarsa a hannu. Maƙwabcinmu ya fito ɗauke da ɗan akuya, harsashi ya same shi a wuya, ya yi ta shure-shure a cikin ƙasa. 'Yan bindiga ne bisa babura, wasu na harbi, wasu na cinna wa rumbuna wuta. Kika ce in kwashi yaran in bi ta ɓular danga in faɗa kwari, ke gwiwarki ba za ta kai ki ba. Na ce ban tafiya. Kika mare ni, Inna, marin da ba ki taɓa yi mini ba tun ina ƙarama. Na saɓi Balki na ruga.

Sai a cikin kwari na waiga, babu Sa'adu. Ya koma ɗaukar babur ɗin Kawunsa. Na yunƙura zan fita, mata suka danne ni, wata ta toshe mini baki da zanenta. Muna jin kukan waɗanda ake ja zuwa daji, muna shaƙar hayaƙin geronmu.

Da ƙarar ta yi nisa muka fito. Na same ki zaune a gaban tsohuwar randar nan mai tsaga, kin jingina da ita. Sun fasa miki baki da gindin bindiga, sun harbe ki a ƙirji. Jininki ya jiƙe kabar yaran har ba a gane rini. Da muka ɗaga ki, na buɗe faifan da ke bakin randar, ga Sa'adu a dunƙule a ciki, idonsa a kan tsagar. Ke kika saka shi, kika zauna kika tare. Babur ɗin karan yana waje, an tattake shi.

Bello ya dawo ya tarar ana haƙa kaburbura. Sallar bara ba mu yi idi ba, jana'iza muka yi.

Daga nan muka taho Anka wajen baban yaran, muka tattaru a ɗaki guda. Sa'adu bai yi kukanki ba, Inna. Magana ma sai ta kama dole. In yara suka taɓa shi, jifa yake da dutse. Ya taɓa fasa wa ɗan mai gidan da muke ciki kai, da na tambaye shi dalili ya ce ƙarar babur yaron yake yi da baki.

Bello kuwa ya sayar da babur ɗinsa ya sayi bindiga, ya shiga 'yan sa-kai. Na roƙe shi da girman nonon da muka sha, ya ce nonon ne ya sa shi. Wata rana ya zo ya zauna yana kallon ƙasa, ya ba ni labarin wani matashi da suka tare a hanyar kasuwa. Sun ɗaure shi, sun yi ta dukansa da gora yana rantsuwa, har ya daina motsi. Daga baya aka gane ɗan Bafulatanar nan ne mai kawo miki kindirmo, rago ya taho sayarwa. Bello ya gama labarin, ya ce in ba shi ruwa, ya sha, ya koma daji.

Bana da azumi ya yi nisa na ce ba zan bar abinki ya mutu ba. Na samo kaba a kasuwa, na roƙi kara a gidan maƙwabta, na shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki. Balki ta sake ɗaura wa Goggonta mafici. Yaran maƙwabta, waɗanda su ma gudowa suka yi, suka zo suna zura 'ya'yan tsamiya. Na tambayi Sa'adu nasa na wa ne. Ya ce na Kawu. Ya kwashi kara ya koma gefe ya juya mana baya. Na yi murna, don rabon da ya taɓa wani abu da son ransa tun muna gida.

Jiya Bello ya zo shan ruwa wajenmu, da rauni a damtse an naɗe da ƙyalle. Bayan ya sha kunu, Sa'adu ya shiga ɗaki ya fito da abin ya miƙa masa da hannu biyu, yadda kika koya musu. Bindiga ce, Inna. Irin tasu, ta waɗancan. Ya yi mata lanƙwasasshen gidan harsashi, ya yi mata igiyar rataya, ya shafa mata gawayi. Ba a taɓa yin abin kara mai kyanta ba a gidanmu.

Bello ya ce wa ya koya masa. Sa'adu ya ce, "Na gani." Sannan ya ce, "Kawu, ka kashe su duka. Amma mai jan rawanin ka bar mini shi, shi ya daki Inna."

Ban taɓa ganin fuskar ƙanena haka ba. Ya ɗora abin a gwiwa ya karya, ya sake karyawa. Sa'adu ya yi kansa da duka da shuri, ya kafa masa haƙora a kan raunin har jini ya ɓullo ta ƙyallen. Na tashi zan raba, Bello ya ce in bar shi. Ya rungume yaron ya riƙe gam, yaron na cizo, shi yana hawaye. Can cizon ya saki. Sa'adu ya fashe da kuka yana kiran sunanki, yana cewa shi ya koma, shi ya sa ba ki ɓuya ba. Shekara guda yana ɗauke da wannan, ni uwarsa ban sani ba. Muka yi ta gaya masa gwiwarki ce ta hana ki gudu tun kafin ya dawo, har muryarsa ta dishe.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Bello ya koma da safe. Ya ce ya riga ya shiga, fita ba ta da sauƙi, amma zai nemi hanya. Ban san ko zan sake ganinsa ba.

Ɗazu Sa'adu ya zo ya zauna kusa da ni ina tankaɗe, ya jingina da kafaɗata. Ya ce kowa an yi masa kyauta ban da ke, kuma bai san inda ake kai miki ba. Na ce abin da ake aika wa wanda ya rasu addu'a ce, ita ba ta ɓata a hanya. Ya tanƙwashe ƙafa ya karanta Ƙulhuwallahu, ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya koma farko. Da ya gama ya shafa, ya tambaye ni ko ta isa. Na ce ta isa.

Ki karɓa, Innata, daga jikanki ce.

Allah Ya jiƙan ki, Ya karɓi shahadarki, Ya jiƙan ɗan mai kindirmo da duk wanda aka kashe ba da hakki ba. Allah Ya fitar da Bello daga dajin nan, Ya yafe masa. Allah Ya wanke idon yaranmu daga abin da suka gani, Ya mayar da mu gida. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi