An ɗauke mana likita daga Tin-Tarat

Zuwa ga yayana Agali a Tamanrasset,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan da godiya. 'Yarka Anana, ɗiyata, cikinta ya tsufa, mijinta yana can wurin haƙar zinariya kamar sauran samarin garin nan, ko labarinsa ba ma samu sosai.

Yaya, takaici ne ya sa na rubuto. Watan jiya manyan jiha suka turo mutane su duba ƙauyukan dutse, wai wanda buƙatarsa ta yi yawa a bar masa ɗakin magani, sauran a haɗe su da na bakin titi. Likitanmu Sumaila, Bazabarmen nan da ya yi shekara da shekaru yana fama da mu, sai da ya bi gida-gida yana roƙo mu faɗi halin da muke ciki. Amma ka san mu da baƙo. Aka yanka akuya, aka fito da tabarmin da ake ɓoyewa don biki, aka dama fura da cuku da dabino. Da babbansu ya tambayi Kawu Gumar abin da garin ya rasa, sai tsohon ya ja rawaninsa har bisa hanci ya ce ba mu rasa komai ba, 'ya'yanmu na aiko mana, cuta ma ba ta san hanyar nan ba. Mutumin da tari ke hana shi ƙarasa Fatiha! Ina bayan shinge ina ji, kamar in yi kururuwa, amma wace mace za ta ƙaryata kawunta a gaban baƙi?

Su kuma dama abin da suke jira ke nan. Ba wanda ya leƙa gidajen da ƙofofinsu ke ɗaure da igiya don masu su sun yi ƙaura, ba wanda ya tambayi ina matasa suke. Suka ci, suka sha shayi, suka yaba karamcinmu, suka hau mota. Wallahi su ne suka fi ba ni ƙyama, don sun san halinmu sarai, ɗaya ma cikinsu ɗan dutsen nan ne. Haka suka yi da makaranta bara: a rufe don yara sun yi kaɗan, iyaye su kwashe sauran su bi makarantar, sannan a ce ai mutane ne suka watse da kansu. Yanzu an mai da Sumaila bakin titi, tafiyar da mai naƙuda ba za ta kai da rai ba. Da na je wa Kawu da maganar, cewa ya yi gara a rufe da a ce mutanen Tin-Tarat sun yi roƙo. Na ce masa to mutuncin nan ya zo ya karɓi haihuwar Anana. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata.

Saboda haka na yanke shawara, ba izini nake nema ba. Zan kai Anana Agadas ta haihu, kuma ban ga abin da zai dawo da mu ba. Lambun Baba shi ne abin da ke cin raina. Na zaga garin kaf ban sami mai ƙarfin da zai kora raƙumin jan ruwa a bakin rijiya ba, sai na ba Ilyas makiyayi raƙumin ya haɗa da nasa. Jiya na yi ban ruwa na ƙarshe, na cika kowane kwari har ya tumbatsa. Rumman da dabinon da Baba ya dasa da hannunsa za su ɗan jure kafin zafi ya shigo. In kana son ka gan su da ganye, ka zo yanzu.

Ka gaida matarka Gaishita, da Bubakar da ƙaramar Lalla. Anana na gaishe ka, ta ce ka sa ta a addu'a.

Ƙanwarka da ba ta iya ɓoye maka komai,
Tekna